Tambayoyi da Amsoshi kan Rubuta Umarnin SQL: Abin da Masu Koyo a Kano Suka Fi Tambaya

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero da na Kano Poly idan lokacin furojet ya matso, da kuma matasan da ke haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafi a Kantin Kwari, Singa da Farm Centre. SQL shi ne harshen da ake ba rumbun bayanai (database) umarni da shi, inda bayanai suke zaune a tebura masu layuka da ginshiƙai. Duk misalan daga shagon shadda da atamfa guda ɗaya aka ɗauko su, mai tebur uku: `kwastoma`, `ciniki` da `biya`. An sa wa tambayoyin lamba domin wasu amsoshin suna jingina da wasu.

1. Da wanne zan fara, MySQL, PostgreSQL ko SQLite?

Duk ukun manhajojin rumbun bayanai ne, fara da wanda zai tashi a kwamfutarka yau. Harshen ɗaya ne a asali. Edgar Codd ne ya fito da tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna a 1970, lokacin yana IBM. Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina harshen a kan tsarinsa a 1974, sannan a 1986 hukumar ANSI ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida. Saboda haka SELECT, WHERE, JOIN da GROUP BY da ka koya a ɗaya za su yi maka aiki a sauran. Bambancin na gefe-gefe ne, kamar yadda waɗannan ukun suke amfani da `LIMIT 10`, SQL Server kuwa `TOP 10`.

SQLite fayil ɗaya ne tak, ba ya neman saba ko intanet, kuma yana cikin kowace wayar Android. Yawancin ɗalibai ta XAMPP, ƙunshin manhajojin da ke mayar da kwamfutarka saba, suke shigowa, wanda MariaDB ne a cikinsa, reshen da ya fita daga MySQL a 2009. Babu laifi. Amma in za a bi shawarata, da zarar hannu ya faɗa a koma PostgreSQL, domin shi ba ya kara. Ka rubuta shirme, zai gaya maka nan take. SQLite kuwa sai ya karɓi rubutu a ginshiƙin lamba ya yi gum da bakinsa.

2. Me ya sa malamai suke hana `SELECT *`?

Lokacin leƙa tebur don ganin abin da ke ciki, ba komai. A cikin manhaja ne ba a so. Yana jawo ginshiƙan da ba ka buƙata, har da hoto ko lambar sirri, ya cinye datar mai shago a banza, kuma ranar da wani ya ƙara ginshiƙi sai rahotonka ya sauya fasali ba ka sani ba. Ambaci abin da kake so da sunansa: `SELECT suna, waya FROM kwastoma`.

3. Na ba ginshiƙi laƙabi da AS, na kira shi a WHERE, an ce babu shi. Kuma mene ne bambancin WHERE da HAVING?

Amsar biyun ɗaya ce. Ba yadda ka jera umarnin rumbun yake bin sa ba. Yana farawa da FROM da JOIN, sai WHERE, sai GROUP BY, sai HAVING, sannan SELECT, daga ƙarshe ORDER BY da LIMIT. Lokacin da WHERE yake aiki ba a kai ga SELECT ba, don haka laƙabin bai wanzu ba tukuna. Shi ya sa kuma ORDER BY yake gane shi ba musu.

WHERE yana tace layuka kafin a tara su rukuni-rukuni, HAVING yana tace rukunonin bayan an tara. "Cinikin bana kaɗai" aikin WHERE ne. "Kwastomomin da jimillar sayayyarsu ta haura naira miliyan ɗaya" aikin HAVING ne: `GROUP BY kwastoma_id HAVING SUM(kudi) > 1000000`. Duk sharaɗin da zai iya zama a WHERE, a bar shi a can, don a rage kayan tun kafin a fara tarawa.

4. Na rubuta `WHERE waya = NULL`, bai kawo komai ba, alhali ina ganin wuraren da babu lamba.

NULL ba sifili ba ne, ba kuma rubutu mara harafi ba ne. Ma'anarsa "ba a sani ba". In ka tambayi rumbu ko abin da ba a sani ba daidai yake da wani abin da ba a sani ba, amsarsa ba e ba ce, ba a'a ba ce, kuma WHERE e kaɗai yake bari ta wuce. Hanyar ita ce `IS NULL` ko `IS NOT NULL`.

Wannan mai sauƙin kenan, domin kana ganin an dawo maka hannu rabbana ka san da matsala. Masu haɗarin su ne waɗanda suke kawo amsa mai kama da gaskiya. `WHERE gari <> 'Kano'` ba zai kawo kwastoman da ba a rubuta garinsa ba, ko da mutumin Damagaram ne. `COUNT(*)` yana ƙirga layuka duka, `COUNT(waya)` masu lamba kaɗai. AVG yana tsallake NULL, bai ɗauke shi sifili ba. Kuma duk lissafin da NULL ya shiga, NULL ne zai fito: ka cire abin da aka biya daga kuɗin kaya ga mutumin da bai biya ko sisi ba, sai gurbin bashinsa ya fito fayau, shi da ya fi kowa bashi. Maganin wannan `COALESCE(an_biya, 0)`.

Mafi muni shi ne NOT IN. Idan jerin da ke cikin baka yana ɗauke da NULL ko guda ɗaya, umarnin gaba ɗaya ba zai kawo layi ba. Ka saba da NOT EXISTS, ko hanyar da ke amsa ta 6.

5. Na haɗa tebur biyu da JOIN, jimillar kuɗi ta ninka. Daga ina ƙarin ya fito?

Ga yadda abin yake faruwa. Wani Alhaji daga Maraɗi ya ɗauki shadda ta naira 600,000. A teburin `ciniki` layi ɗaya ne. Ya biya sau uku, 200,000 kowane zuwa, don haka a teburin `biya` layi uku ne. Da ka haɗa su, layin cinikin nan guda ya maimaita kansa sau uku, ɗaya a gefen kowane biya. Ka ce `SUM(ciniki.kudi)`, sai ka ga 1,800,000. Rumbun bai yi kuskure ba, abin da ka ce ya tara ya tara. Mai shago kuwa zai ɗauki waya ya kira mutumin kirki yana bin sa bashin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da bai ci ba, kuma a Kwari irin wannan kira yana iya raba cinikin shekaru.

Kafin kowane JOIN ka tambayi kanka: layi ɗaya a wannan tebur me yake wakilta, kuma bayan na haɗa me zai koma wakilta? In ɗaya gefen yana da layuka da yawa, ka tara su tukuna su koma ɗaya, sannan ka haɗa: `WITH b AS (SELECT ciniki_id, SUM(kudi) AS an_biya FROM biya GROUP BY ciniki_id) SELECT c.id, c.kudi - COALESCE(b.an_biya, 0) AS saura FROM ciniki c LEFT JOIN b ON b.ciniki_id = c.id`. WITH ya shigo MySQL ne a fitowa ta 8.0 a 2018. Mai tsohuwa sai ya sa ƙaramin SELECT ɗin cikin baka a FROM.

Kada ka ruga wurin DISTINCT. Da yawa suna liƙa shi da zarar sun ga maimaici, lambar ta sauko, hankalinsu ya kwanta. Amma `SUM(DISTINCT kudi)` zai ɗauki ciniki biyu na gaskiya masu farashi ɗaya ya mayar da su ɗaya. Dā kuɗin ya yi yawa, yanzu ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi wuyar ganowa.

6. Ta yaya zan fito da waɗanda ba su taɓa biya ba? LEFT JOIN ɗina yana zubar da su.

JOIN zalla yana kawo layukan da suka sami aboki a ɗaya teburin kaɗai. LEFT JOIN yana riƙe duk na hagu, inda babu aboki ya cika da NULL. Don haka waɗanda ba su biya ba su ne: `FROM ciniki c LEFT JOIN biya b ON b.ciniki_id = c.id WHERE b.id IS NULL`.

In yana zubar da su, duba WHERE ɗinka. Da zarar ka sa sharaɗi a kan teburin dama, kamar `WHERE b.hanya = 'POS'`, layukan NULL sun faɗi, saboda dalilin da ke amsa ta 4. Mayar da sharaɗin cikin ON: `ON b.ciniki_id = c.id AND b.hanya = 'POS'`.

7. Sifilin farkon lambar waya yana ɓacewa, wani lokacin ma duk kwastomomi su koma lamba ɗaya.

Ka ajiye ta a INT ne, nau'in ginshiƙin lamba. Lamba ba ta farawa da sifili, don haka 0803 ya koma 803. Sannan iyakar INT 2,147,483,647 ce, lambar wayar Najeriya kuwa ko an cire sifilin ta haura biliyan bakwai. MySQL da ba a tsaurara saitinsa ba sai ya datse ta a wannan iyaka, kowa ya tashi da 2147483647. Abin da ba za ka taɓa tarawa ko rabawa ba, rubutu ne: lambar waya, NIN da BVN masu lamba 11, lambar asusun banki mai 10, lambar rajistar ɗalibi. VARCHAR, nau'in ginshiƙin rubutu, shi ne gidansu. Ka kuma tsayar da siga ɗaya, ko ta 0 ko ta +234, ka gyara tun wurin shigarwa.

Kuɗi kuma kada su shiga FLOAT, domin a can 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, kuma ɗigon nan yana taruwa. Yi amfani da `DECIMAL(12,2)`. A SQLite, da ba shi da DECIMAL na gaske, ajiye kwabo a INTEGER ka raba da 100 wurin nunawa. A kula da rabawa ma: `7 / 2` a PostgreSQL da SQLite 3 ne, a MySQL 3.5.

8. Ƙ, ɗ da ɓ suna komawa alamar tambaya. Kuma in na nemi Ƙofar Mata ba ya kawo Kofar Mata.

Na farkon matsalar tsarin haruffa ce. Kafin 8.0, MySQL da latin1 yake zuwa, wanda bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Ka sa utf8mb4 a teburin da kuma layin da manhaja take haɗuwa da rumbun, shafin HTML kuma UTF-8. Guda ya kuskure, aikin ya ɓaci. Abin da ya riga ya shiga a matsayin alamar tambaya ya tafi, sai an sake shigar da shi, don haka a gwada da Ɗorayi da Ƙoƙi tun ranar farko.

Na biyun halin rubutunmu ne. Wani yana da allon Hausa a wayarsa, wani ba shi da shi. Kada ka goge lanƙwasar daga bayanan asali. Ka ƙara ginshiƙi na bincike wanda aka mayar da komai ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, ka yi wa abin da mai nema ya rubuta irin wannan gyaran, sannan ka gwama. A PostgreSQL `translate(unguwa, 'ƘƙƊɗƁɓ', 'KkDdBb')` ya isa cire lanƙwasar, a MySQL sai REPLACE cikin REPLACE. Mai SQLite ya sani cewa `lower()` ɗinsa haruffan A zuwa Z kaɗai yake taɓawa, ba zai mayar da Ƙ ƙarama ba. Abin da ya fi duka: unguwanni da ƙananan hukumomi 44 na jihar su sami teburinsu, mai shigarwa ya zaɓa daga jeri maimakon ya rubuta.

Sunayen mutane kam babu dabarar da za ta gane cewa Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Moh'd mutum ɗaya ne, ko kuma Sani Abdullahi biyu mutum biyu ne. Kada ka taɓa haɗa tebura da suna. Kowa ya sami lambarsa ta `id`.

9. Manhajata tana aiki lafiya, amma da an rubuta A'isha ko Mu'azu sai ta fashe.

Ka gode wa A'isha, ta nuna maka ƙofar da ɓarawo zai shigo. Kana liƙa abin da mutum ya rubuta kai-tsaye cikin umarnin ne, sai alamar da ke tsakiyar sunan ta rufe rubutun kafin lokaci, ragowar ya zama umarni. Wanda ya san haka zai rubuta `' OR '1'='1` a gurbin shiga, sharaɗin ya zama gaskiya ga kowane layi, ya wuce ba tare da lambar sirri ba. Da wannan hanya ake kwashe tebur sukutum.

Gyaran ba shi ne hana mutane rubuta sunansu daidai ba. Ina ganin fom da ke tilasta wa Sa'adatu da Rabi'u su cire alamar sunansu, kuma wannan rashin kyautawa ne da bai toshe komai ba. A raba umarni da bayani. A PHP da PDO: `$s = $pdo->prepare('SELECT id, suna FROM kwastoma WHERE suna = ?'); $s->execute([$suna]);`. Duk abin da ya shiga gurbin alamar tambayar nan bayani ne, ba zai taɓa zama umarni ba. Sunan tebur da na ginshiƙin ORDER BY ba sa shiga wannan gurbi, su sai ka tantance su da jerin da kai ka rubuta. In da hannu kake rubutu, ninka alamar: `'A''isha'`.

10. Rahoton wata yana rasa cinikin ranar ƙarshe.

Idan ginshiƙin yana ɗauke da rana da lokaci, `BETWEEN '2025-03-01' AND '2025-03-31'` yana tsayawa ne a sha biyun daren da 31 ga wata ta fara. Duk cinikin yinin ya fita. Rubuta `rana >= '2025-03-01' AND rana < '2025-04-01'`. Wannan siga ba ta damu da ko watan 28 ne ko 31 ba, kuma tana barin fihirisa (index, jerin da ke hanzarta bincike a tebur) ta yi aiki, kamar yadda ke amsa ta 12. Kullum shekara, wata, rana. 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ce, a Amurka 4 ga Maris.

Yawancin sabobin haya a agogon UTC suke, mu kuma muna gaba da awa ɗaya duk shekara. Odar da ta shigo sha biyu da rabi na dare a goman ƙarshe na azumi za ta faɗa lissafin jiya. A PostgreSQL ajiye da `timestamptz`, ka juya da `AT TIME ZONE 'Africa/Lagos'` kafin ka tara kwana-kwana. Mai son rahoton Ramadan ko na Zulhajji kada ya dogara da lissafin kwamfuta kaɗai, tunda farkon wata a nan sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar. Yi ɗan tebur mai ranar farawa da ta ƙarewar kowane wata, ka haɗa da shi.

11. Da farko yana gudu, yanzu da bayanai suka taru sai ya yi ta juyi.

Ba tare da fihirisa ba, rumbun yana yin abin da yaron shago yake yi in an ce ya nemo bashin mutum a littafin da aka rubuta bi-da-bi: ya fara daga shafin farko har ƙarshe. Sa EXPLAIN a gaban umarnin ka gani. ALL a ginshiƙin `type` na MySQL, `Seq Scan` a PostgreSQL, ko SCAN a `EXPLAIN QUERY PLAN` na SQLite, duk suna nufin ana karanta teburin duka. Ginshiƙan da ke yawan fitowa a WHERE, ON da ORDER BY su ne masu buƙata: `CREATE INDEX ON biya (ciniki_id)` a PostgreSQL, a sauran sai ka ba fihirisar suna. PostgreSQL ba ya yi wa ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur fihirisa da kansa, InnoDB, injin ajiyar tebur na MySQL, yana yi. Kada kuma a bi kowane ginshiƙi a sa, domin kowace fihirisa sai an sabunta ta a duk INSERT da UPDATE.

Sau da yawa ma laifin ba na rumbun ba ne. Manhaja ta jawo kwastoma 500, sannan ta zagaya tana aika umarni ɗaya-ɗaya don nemo bashin kowa: tafiya 501 a kan netwok mai rauni, a aikin da umarni ɗaya irin na amsa ta 5 zai gama.

12. Na sa fihirisa, EXPLAIN ya nuna ba a amfani da ita.

Duba ko ka naɗe ginshiƙin cikin wani aiki. `WHERE YEAR(rana) = 2025` yana tilasta a lissafa kowane layi, sigar amsa ta 10 ita ce mafita. `LIKE 'Musa%'` yana iya bin fihirisa, `LIKE '%Musa'` ba ya iyawa. Fihirisar `(kwastoma_id, rana)` tana taimakon mai nema da kwastoma, ko kwastoma da rana, amma da wuya ta taimaki mai nema da rana kaɗai. A MySQL, gwama ginshiƙin rubutu da lamba ba tare da alamar zance ba yana kashe ta. In kuma teburin ƙarami ne, rumbun yana iya ganin karanta shi duka ya fi sauƙi, kuma yana da gaskiya.

`EXPLAIN ANALYZE` yana ba da lokacin gaske, amma a PostgreSQL zartar da umarnin yake yi da gaske. Kada a gwada shi da DELETE sai a cikin abin da ke amsa ta 13.

13. Ina tsoron UPDATE da DELETE. Kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki fa?

Tsoron yana da amfani, a riƙe shi. UPDATE mara WHERE yana taɓa kowane layi. Fara rubuta SELECT da sharaɗin, ka ga layukan da idonka, sannan ka sauya kan umarnin ka bar WHERE yadda yake. Ka buɗe da BEGIN, ka zartar, ka duba adadin layukan da aka ce an taɓa. Kana sa ran 3 aka ce 4,000, ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Ya yi daidai, COMMIT, sauyin ya tabbata. A MySQL `SET sql_safe_updates = 1` yana ƙin umarnin da ba shi da sharaɗi a kan mabuɗi, amma DROP da ALTER a can ba sa komawa da ROLLBACK.

BEGIN da COMMIT ɗin nan su ne kuma amsar wuta. Sayar da kaya aiki biyu ne, rubuta ciniki da rage kaya a sito. In suna tsakanin BEGIN da COMMIT, ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga, ko da inji ya mutu a tsakani. Sai dai teburin ya zama InnoDB, domin tsohon MyISAM bai san wannan ba. Duk da haka a riƙa ɗaukar kwafi da `mysqldump` ko `pg_dump`, a ajiye shi a wata na'urar daban, a kuma gwada mayar da shi lokaci-lokaci.

14. Ina son cinikin ƙarshe na kowane kwastoma. GROUP BY da MAX yana ba ni rana daidai, kuɗi na wani cinikin.

`MAX(rana)` ranar kaɗai ya zaɓo, bai ce sauran ginshiƙai su biyo ta ba. PostgreSQL zai ƙi umarnin, MySQL ma tun 5.7 yana ƙi, MariaDB kuwa yakan ɗauko kowane layi ya ba ka. Ka ba layukan kowane mutum lamba daga na baya-bayan nan, ka ɗauki na ɗaya: `WITH j AS (SELECT kwastoma_id, rana, kudi, ROW_NUMBER() OVER (PARTITION BY kwastoma_id ORDER BY rana DESC, id DESC) AS n FROM ciniki) SELECT kwastoma_id, rana, kudi FROM j WHERE n = 1`. An ƙara `id` ne don raba gardama in ya yi sayayya biyu a lokaci ɗaya. Ka mayar da sharaɗin `n <= 3`, ka sami uku na ƙarshe. SQLite ma yana da wannan tun fitowa ta 3.25 a 2018.

15. ChatGPT ya rubuta mini umarni, ya kuma yi aiki. Zan iya miƙa shi haka?

Ya yi aiki yana nufin bai fashe ba, kuma matsalolin amsa ta 4, 5, 6 da 10 babu wadda take fashewa. Ba ya sanin cewa kwastomominka suna biya kashi-kashi sai ka gaya masa. Ba shi fasalin teburan da bayanin abin da layi ɗaya yake wakilta, amma kada ka liƙa masa sunaye da lambobin mutane na gaske. Amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin kula da su a kan wanda ya tara su.

Ko wa ya rubuta umarnin, gwajin ɗaya ne. Haɗa ƙaramin rumbu mai layi kamar goma ka cusa masa fitina da gangan: wanda ya biya sau uku, wanda bai biya ba sam, mutum biyu masu suna ɗaya, A'isha da alamarta, wanda ba shi da gari, ciniki biyu masu farashi ɗaya, da cinikin ƙarfe sha ɗaya na daren 31 ga wata. Lissafa amsar da biro a takarda kafin ka danna komai, sannan ka gwama. In shago ne, ɗauki kwastoma biyu ko uku ka zauna da yaron da ke riƙe da littafin bashi ku bi su layi-layi, kafin rahoton ya isa hannun maigida.